Ƙahon da Ya Tsaya a Wuyan Saude

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ya bambanta harsunanmu kuma yake jin kowannensu ba tare da tafinta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Lado. Mai girma wakilin Hakimi. Mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Mai girma kansilan wannan mazaɓa. Wakilin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Shugaban wannan makaranta, Malam Ƙasimu, da malaman da suke dafa masa. Iyayenmu maza da suka baro gonakinsu ana tsakiyar kaka. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfarsu. 'Yan hisba da suka tsara mana zama. Baƙinmu daga Yalwa da Rano da Kibiya. Da ku ɗalibai da aka zaunar a gaba tun hantsi, kuna ta satar kallon kwalayen kyauta kuna fatan in gama da wuri: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Munzali, ɗan marigayi Malam Haliru na Nariya. A wancan ajin mai tsagaggen bango na fara riƙe alli, kuma yau shekara tara ina koyar da Turanci a kwalejin horar da malamai. Ga waɗanda suka san ni kuwa, musamman iyayena da ke cikin rumfa, na san ba wani malamin kwaleji suke gani ba, Munzali mai yoyon hanci suke gani an naɗa masa babbar riga. Na yarda, kuma na gode.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga Alhaji Lado da ya aiko mini da mota har ƙofar gida, ko da yake sau biyu muka sauka muka tura ta kafin mu iso Rano. Ina godiya ga kansila da ya gyara mana rufin azuzuwa biyu, muna kuma tuna masa a hankali cewa azuzuwan shida ne. Ina godiya ta musamman ga Malam Ƙasimu, mutumin da shekara huɗu ke nan yana zuwa makarantar nan a kan babur daga Kibiya, damina da rani, ba a taɓa jin ya makara ba. Shi ne ya gayyato ni, kuma bai ɓoye mini dalilin gayyatar ba.

Dalilin shi ne wannan. Shekara uku a jere, yaranmu suna faɗuwa jarrabawar shiga sakandare, kuma Turanci ne yake kayar da su. Abin ya hana Malam Ƙasimu barci, kamar yadda ya kamata ya hana kowane malami na gari. Sai ya buɗe tsofaffin takardun makaranta, ya ga akwai shekarar da yara goma sha ɗaya suka ci jarrabawa daga aji guda, abin da ba a taɓa yi ba kuma ba a sake ba. Ya tambayi dattawa, suka ce masa ai zamanin marigayi Malam Shitu ne, mai ƙaho. Daga nan ya kawo shawara a dawo da ƙaho, sai dai wannan karon katin roba ne ja, kuma idan na zauna, a kan wannan shawara za ku ɗaga hannu. Ya ce mini, “Malam Munzali, kai kana cikin sha ɗayan nan. Zo ka gaya wa iyaye cewa ƙaho ne ya yi ka.” Na ce masa zan zo, kuma zan faɗi gaskiyar abin da ya yi ni. Malam Ƙasimu, ka yi mini afuwa tun yanzu, domin gaskiyar ba ta bi hanyar da ka zata ba.

Magana uku na zo da su. Ta farko a kan ƙahon kansa, ta biyu a kan kalma ɗaya tak, ta uku a kan abin da nake roƙon wannan taro.

Maganar farko, domin yara da baƙi. Ƙaho dai ƙahon akuya ne, an huda shi an zura masa igiyar rama. Dokar Malam Shitu ita ce, daga an kaɗa ƙararrawar safe har a tashi, ba Hausa a harabar makaranta, kuma ba karyayyen Turanci. Duk wanda aka kama, a rataya masa ƙaho a wuya. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani da kunnensa ya miƙa masa. Wanda ƙaho ya kwana a wuyansa har zuwa tashin ranar Juma'a, bulala shida ce a tafin hannu a gaban kowa, mu kuma sauran muna ƙirgawa da ƙarfi, da Turanci. Bayan haka da shi zai tafi gida, ya ratsa kasuwa, ya ratsa ƙofar masallaci, ya dawo da shi ranar Litinin.

Ina so ku lura da abin da wannan doka ta mayar da mu. Ba ta sa mun yi Turanci ba, ta sa mun yi shiru. Yara sittin a fili lokacin hutun tara, ba ka jin komai sai ƙarar takalma. Wanda yake da ƙaho ba ya sauraron darasi, bakin abokinsa yake sauraro. Wani ya taka maka ƙafa da gangan don ka ce wayyo da Hausa. Wani ya laɓe bayan banɗaki. Na san yaron da ya miƙa wa ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, yana nan zaune cikin manyan baƙi, ba zan nuna shi ba, amma ga shi can yana gyara hula.

Ni ma ƙaho ya taɓa kwana a wuyana, muna aji biyar. Na sha bulalata, na kama hanyar Nariya. Aka yi rashin sa'a ranar mahaifina yana zaune da abokansa a gindin tsamiya, wani abokin wasansa ya hango ni ya ce, “Haliru, ashe bunsuru ka kai boko?” Aka yi dariya. Waɗanda suka san Malam Haliru sun san mutum ne mai haƙuri da yunwa da gajiya, amma ba ya haƙuri da dariya. Da muka shiga gida ya ɗauko fartanya ya ajiye a gabana, ya ce, “Ka ga wannan? Ranar da ka sake shigo mini gida da wancan abin a wuya, ranar ka gama boko. Ba a yi mini dariya sau biyu.” Bai taɓa faɗin magana ya janye ba, kuma na san haka.

A tsakar gidan namu a wannan lokaci akwai wata yarinya 'yar ajinmu, ta kawo wa mahaifiyata man gyaɗa, domin sana'ar gidansu ke nan, mai da ƙuli-ƙuli. Ta ji komai. Sunanta Saude. Tana nan cikin rumfar mata yanzu haka, kuma kafin in ambaci sunanta a bainar jama'a sai da na je na nemi izinin maigidanta, Malam Hammadu, ya ba ni, Allah ya saka masa da alheri. Ita kam ba ta so ba. Ta ce mini tone-tone ba shi da amfani. Yaya Saude, ki gafarce ni, yau ɗaya zan saɓa miki.

Saude ta fi kowa Turanci a ajinmu, kuma ban cire kaina ba. Idan Malam Shitu ya karanta jimla sau ɗaya, ta ɗauke ta ke nan har da muryar. Ba ta taɓa yin kuskuren da zai kai ta ga ƙaho ba. Abin da ya kai ta shi ne, wata Litinin wata tsohuwa mai tallan nono ta ratso ta makaranta, rana ta dake ta, ta ce, “'Yammata, ina ake shan ruwa a nan?” Duk muka yi tsit kamar ba mu ji ba. Saude ta ce, “Sannu Iya, zo in kai ki.” Kafin ta rufe baki, mai ƙaho ya iso da gudu.

Wannan ya kawo ni magana ta biyu, maganar kalma ɗaya. A shekarar ne aka haƙa mana rijiyar burtsatse aka kafa mata famfon tuƙa-tuƙa, wancan da ke bayan ofis, wanda har yau yake ba mu ruwa idan ya ga dama. Bature yana kiran wannan abu da gaɓa ɗaya: a haɗe leɓɓa, a tara iska, a sake ta lokaci guda, a ce “pump”. Bahaushe kuwa bakinsa bai saba da wannan fashewar ba, kuma ba ya son kalma ta ƙare masa a rufe, sai ya sassauta farkonta ya buɗe ƙarshenta, ya ce famfo. A wurin Malam Shitu, na farko shi ne daidai, na biyu kuwa laifi biyu ne a haɗe, ga Hausa ga karyayyen Turanci.

Ranar Juma'ar wannan mako, saura awa ɗaya a tashi, na je shan ruwa. Ba kowa a wurin sai Saude, ƙaho a wuyanta tun Litinin, tana tuƙa wa kanta. Na tsara jimlata a zuci, na roƙe ta da Turanci ta tuƙa mini in sha. Jimlar ta tafi lafiya lau tun daga farko, sai da na zo kalmar ƙarshe bakina ya koma gida, na ce famfo.

Na ji ta da kunnena, ita ma ta ji. Ta dube ni, na dube ta. Wallahi a wannan tsayuwar na ga fartanyar nan a gabana kamar in miƙa hannu in taɓa. Abin da ya rage kawai ta cire igiya daga wuyanta ta sa a nawa, doka ta ba ta, ba wanda zai zarge ta, ni kaina ba zan zarge ta ba. Sai ta kama hannun famfo ta ci gaba da tuƙawa. Na tara hannu na sha. Bayan awa ɗaya tana tsaye a gaban makaranta ta miƙa tafinta, ni kuma ina cikin layi ina ƙirga mata bulala da Turanci, ban yi kuskure ko ɗaya ba a ƙirgar.

Jama'a, ba Juma'a ɗaya ba ce. Juma'a bakwai ce. Mako bakwai ƙaho yana wuyan Saude, ba ta miƙa wa kowa ba. Tun muna jin tsoronta muna kauce mata, har muka gane ba ta kama kowa, sai muka koma zama kusa da ita. A gefenta ne kaɗai yaro yake iya buɗe baki ya gwada Turancinsa, ya karya, ya gyara, ya sake karyawa. Ni kuwa sai ta tsinko audugar rimi ta ɗora mini a tafin hannu, ta ce in kai kusa da baki in faɗi kalmar. Ta ce idan audugar ta yi tsalle na faɗa irin ta littafi, idan ta kwanta tana lilo na faɗa irin ta gida. Kwana uku ina hura auduga a hanyar Nariya kamar taɓaɓɓe, ran na huɗu ta yi tsalle. Har yau da wannan audugar nake koyar da manyan ɗalibai a kwaleji, suna tsammanin a wani littafin Ingila na samo dabarar.

Malam Shitu ba wawa ba ne, Allah ya jiƙansa. Ya san yarinyar da ta fi kowa kunne ba za ta yi mako bakwai ba ta ji kuskure ba. Ya kira ta ofis, muna laɓe a taga, ya ce, “Saude, faɗi suna ɗaya ki huta.” Ta ce, da Turancinta mai kyau, ba ta ji kowa ba. Ya ɗauka taurin kai ne, ya ƙara nauyin hannu. A Juma'a ta bakwai tafinta ya kumbura har ta kasa murza tunkuza ta taya mahaifiyarta aikin ƙuli. Mahaifiyar ta kama hannun ta juya shi ta duba, ta ce, “Na ba su ke da hannu biyu lafiyayyu. Karatun da zai cinye hannun da muke ci da shi, a bar shi.” Daga ranar Saude ba ta sake shigowa ta waccan ƙofa a matsayin ɗaliba ba.

Sau uku Malam Shitu yana hawa kekensa zuwa Nariya yana ba da haƙuri, sau uku ana dawo da shi daga zaure. A na ukun na gan shi ya fito yana tura keken bai hau ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya tashi daga nan yana zagin mamaci. Mutumin nan shi ya koya mana karatu da rubutu, da albashinsa yake saya mana alli, kuma abin da aka yi masa a tasa makarantar shi ya yi mana, yana ganin gata ne. Ina gode masa har gobe. Amma babban abin da nake gode masa a kai shi ne wannan: ƙaho ya tafi gida a wuyan Saude, bai dawo ba, kuma Malam Shitu bai sake huda wani ba. Akuyoyi ba su ƙare a garin nan ba, shi ne ya fasa.

To, Malam Ƙasimu, ga abin da takardun ofis ba su rubuta ba. Ajin nan na mutum goma sha ɗaya da ka gani, sun yi rabin aji biyar da dukan aji shida ba ƙaho. Mu ne aji na farko da muka yi surutu a makarantar nan. Mun yi Turanci mai kyau, mun yi marar kyau, Malam Shitu yana gyara mana da baki muna maimaitawa, ba mai tsoron na kusa da shi. Dattawan da suka ce maka zamanin mai ƙaho ne ba su yi ƙarya ba, sunan ne ya bi shi har kabari. Amma ba ƙaho ne ya yi mu ba, tafiyarsa ce ta yi mu. Kuma da an bi cancanta, mu goma sha biyu ne, ta farkonmu tana can cikin rumfa.

Bari in koma kan kalmar, tunda a kanta ake biyana albashi. Na yi shekaru ina bin diddiginta kamar mai bin sawun ɓarawo. Na buɗe manyan ƙamus, sai na tarar su kansu Turawan Ingila ana kyautata zaton aro suka yi daga maƙwabtansu masu harkar jiragen ruwa, suka lanƙwasa ta yadda bakinsu zai iya, kamar yadda muka yi. Na taɓa zama a wani taron bita a Kano da Turawa biyu, ɗaya daga Ingila ɗaya daga Amurka, aka kawo ruwan sha. Na Ingila ya kira shi wota, na Amurka ya kira shi wara, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne mai karkataccen baki. Na zauna ina kallon wuyansu, ban ga ƙaho ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk ɗaya ba ne. Akwai yadda littafi yake so, akwai yadda mai gyaran jarrabawa yake so, kuma wajibi ne yaranmu su iya shi tsaf, domin ba za a sassauta musu don sun fito daga Kibiya ko Rano ba. Yaron da ya rubuta famfo a takardar Turanci ya faɗi, kuma malamin da ya bar shi a haka ya ci amana. Amma yaron da ya je kasuwar Rano ya ce wa mai kayan gyara a ba shi robar “pump”, shi ma dariya za a yi masa. Famfo ba ɓataccen Turanci ba ne, Hausa ce lafiyayya, ta zo baƙunta ta zauna ta yi 'ya'ya, kamar mota da tebur da asibiti da makaniki. Ɗaya rigar zuwa ofis ce, ɗaya rigar zaman gida. Aikin malami shi ne ya ba yaro riga ta biyu ya nuna masa inda ake sa kowacce, ba ya yaga wadda uwarsa ta sa masa ba.

Magana ta uku, ita ce roƙona. Watan jiya, da takardar gayyata ta same ni, na je Nariya na yi sallama a gidan Malam Hammadu. Shekara ashirin da biyu ina wuce ƙofar duk gidan da Saude take, ina aika gaisuwa, ban taɓa iya tsayawa in yi maganar ba, saboda kunya. Wannan karon na tsaya. Muna zaune a zaure da maigidan, ita tana daga bakin ƙofa, na ce, “Yaya Saude, ran nan a bakin famfo, kin ji abin da na faɗa?” Ta yi dariya ta ce, “Malam Munzali, ai ko kurma ya ji.” Na ce, “To me ya hana ki ba ni?” Ta ce, “Na ji abin da Baba Haliru ya gaya maka.” Na ce, “To sauran makonni shidan fa? Ai ba ni kaɗai ba ne a makarantar.” Ta ce, “Duk wanda na ba, sai ya nemi wanda zai ba. Na ga gara ya tsaya a wuri ɗaya.”

Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ce ta yi wannan tunani. Na yi digiri biyu, ban karanta abin da ya fi shi ba.

Sannan ta gaya mini abin da ya sa na kasa barci. Tana da 'ya a makarantar nan, Na'ima, tana aji biyar, ajin da aka cire uwarta. Malamanta sun shaida mini ita ce ta ɗaya, kuma ɗaya daga cikin kwalayen can da sunanta a jiki. Saude ta ce mini, “Na ji za a dawo da abin nan. Ni ban iya jawabi ba, kuma ba zan yi jayayya da malamai ba. Amma na san halin 'yata, irin nawa ne, ba za ta miƙa wa kowa ba. Ranar da aka rataya wa yaro na farko, ranar zan je in kamo hannunta mu taho gida, tun hannun yana lafiya.” Malam Hammadu yana zaune, ya ce bai da abin da zai ƙara.

Saboda haka idan kun tashi ɗaga hannu, ku sani ba a kan katin roba kuke ɗagawa ba. A kan Na'ima kuke ɗagawa, ko za ta shigo ta waccan ƙofa ranar Litinin ko ba za ta shigo ba. Mun riga mun yi asarar uwar, kuma garin nan ne ya yi asarar, domin da yau wataƙila ita ce a tsaye a nan, ni ina cikin masu tafi.

Ba zan rushe shawarar Malam Ƙasimu in bar shi hannu wofi ba, domin damuwarsa gaskiya ce. Ga abin da na ɗauka a gaban Dagaci da Liman. Duk Asabar ta farko da ta uku a wata zan zo nan da kaina in zauna da malaman Turanci. Na yi magana da shugaban sashenmu, ya amince a turo ɗalibai huɗu masu koyon aikin koyarwa su yi zangonsu a nan, idan gari zai ba su masauki. A ware rabin awa kullum wadda yara za su yi ta magana da Turanci, a karya a gyara, ba bulala ba dariya. A rubuta kalmomi a allo layi biyu, ga ta littafi ga ta gida, yaro ya san duka biyun nasa ne. Rimi kuwa yana nan a bayan makaranta, bai daina zubar da auduga ba. Idan bayan shekara biyu sakamako bai canja ba, ku kira ni a wannan fili ku tuhume ni.

Saura abu ɗaya. Da zan baro gidan Malam Hammadu, na tambaya ko an san inda ƙahon ya shiga. Sai aka shiga ɗaki aka fito da shi daga ƙasan adaka, a naɗe cikin tsumma. Ta ce ta ajiye shi ne don kada wani ya tsinta ya mayar makaranta. Na roƙa ta ba ni, ta ce sai dai in ya zama ba zai kwana a wuyan ɗan kowa ba. Ga shi nan a aljihuna. Ku duba, yara, ɗan wannan abin ne. Igiyar ma ita ce ta asali.

Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya gafarta Malam, ku zama shaida. Ni Munzali ɗan Haliru, ranar wata Juma'a a bakin rijiyar can, na ce famfo, kuma doka ta ce wanda ya faɗa shi yake ɗauka. An ɗaukar mini shekara ashirin da biyu. Yaya Saude, yau na karɓi kayana, ga shi na rataya a wuyana a gaban garinmu. Ba ni da abin da zan mayar miki da karatunki, ba ni da abin da zan mayar miki da Juma'a bakwai, sai dai in faɗa da bakina inda kowa zai ji: duk harafin da na koya wa wani, da tafin hannunki aka biya. Na gode, na gode, Allah ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma ɗalibai, ku buɗe baki ku yi magana. Ku yi kuskure a gabana, ku yi a bayana, ku yi da ƙarfi yadda malami zai ji ya gyara. Ƙaho yana wuyana, kuma a wurin wadda na koya, ba a miƙa shi.

Allah ya jiƙan Malam Shitu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa karatun da ya ba mu ya zama haske a kabarinsa. Allah ya jiƙan mahaifina da mahaifiyar Saude da dukan magabatanmu. Allah ya ƙara wa Malam Ƙasimu da malamansa haƙuri da basira, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Allah ya sa albarka a amfanin gonar da muke girbewa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Allah ya raya mana waɗannan yara, ya buɗe ƙirjinsu, ya saki harshensu, ya nuna mana ranar da Na'ima za ta tsaya a inda nake tsaye, uwarta tana cikin rumfa tana saurare. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaban taro, na mayar maka da fili, a ɗaga hannu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.